UWARGIDA, KI SAN AGUWA, KI SAN TINYA

Uwargida, akwai itatuwa a ƙasarmu waɗanda in an karya reshensu sai farin ruwa ya tsatso kamar nono. Dangi ɗaya ne, amma zafinsu ba ɗaya ba ne. Yara ba su san wannan ba. Ke ce za ki nuna musu.

Aguwa kowa ya san ta, ita ce ake shingen gona da ita a ƙasashen Sakkwato da Katsina da Kano har cikin Nijar. Ba ta da ƙaya ko ɗaya. Rassanta masu laushi ne, ruwan toka, ganyenta sirara suna taruwa a bakin reshe da damina, da rani su zube ta tsaya tsirara. Nononta bai kai na sauran zafi ba. Duk da haka in ya shiga ido yana yin raɗaɗi.

To, ga inda haɗarin yake. Da rani tinya ma takan zubar da ganye, ita ma ruwan toka ce, sai yaro ya ɗauka aguwa ce. Ki duba da kyau: reshen tinya kakkaura ne, mulmulalle, jikinsa duk tabo-tabo inda ganye ya faɗi, kuma a wurin tabon akan sami ƙaya guda ɗaya, wani lokaci ƙarama ƙwarai. Ganyenta, in akwai, masu fāɗi ne da kauri. Ta fi son kan duwatsu da fako. Da nononta mutanen da suke haɗa dafin kibiya, da shi kuma ake kashe kifi a ruwa. Masu binciken magunguna sun auna dafin da ke cikinta, sun tarar ya fi abin da ke sa barkono yaji ƙarfi sau ɗaruruwa, har suka raɗa masa suna daga sunan tinya. Ɗigo ɗaya a fatar yaro yana ta da bororo kamar ƙunar wuta.

Ƙerana ba ta da wuyar ganewa. Koriya ce shar, reshenta mai kusurwa-kusurwa, ƙayoyi biyu-biyu a jere a kan kowace kusurwa. Ita ce shingen ƙauyukan ƙasar Jos. Nononta mugu ne kamar na tinya. Fid-da-sartse kuwa rassanta sirara ne, kore, ba ƙaya, amma kada rashin ƙayar ya ruɗe ki, tana ƙuna.

Sai ƙaramar cikinsu, nonon kurciya, ciyawar nan mai gashi-gashi da ke fitowa a bakin hanya da bayan ɗaki. Mun san ana dafa wa mai jego don ruwan nono ya zo. Abin da ya fi kawo nono shi ne ki riƙa sa jariri a mama akai-akai, dare da rana, ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa. Jariri kam kul, kada a ɗura masa jiƙonta.

IN NONON YA SHIGA IDON YARO, maza ki riƙe hannunsa kada ya murza. Kwantar da shi a cinyarki, idon da abin ya shiga yana ta ƙasa, ki buɗe fatar idon ki yi ta zuba ruwa mai tsabta da buta har minti 20. Zai yi kuka, ki daure, kar ki tsaya. Ban da kwalli, ban da nonon mama, ban da ruwan ganye ko na goro. Daga nan sai asibiti, a ranar, ko da ya ce ya daina jin zafi, don ciwon yakan ƙaru bayan wasu awoyi. Idon da aka wanke da wuri yawanci yakan warke cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda aka bari yana iya yin gyambo ya bar hakiya.

In a fata ne, ki wanke da sabulu da ruwa, ke ma ki wanke hannunki kafin ki taɓa jariri. In ya sa a baki, kurkure masa, kada ki sa shi amai dole, ki kawo shi. Ki naɗo guntun reshen a takarda malamin asibiti ya gani.

Kada a ba yaro nonon ɗaya daga cikinsu da sunan wankin ciki, kada a ɗiga a kunne ko a kan miki. In kin aiki yara itace, gaya musu su bar busasshiyar tinya da ƙerana, hayaƙinsu yana cin ido.