Shanyewar Jiki: Tsakanin Maza Da Mata, Wa Ya Fi Shan Wuya?

Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta da gida guda inda wani ke kwance, hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun mutu, baki ya karkace, magana ba ta fita sosai. Mu kan je gaisuwa, mu yi addu'a, mu komo muna cewa ai ciwon dattawan maza ne. Waɗansu kuwa su ce iska ne, ko jifa. To, bari mu duba abin da likitoci suka gano, gama zancen ya shafi iyayenmu mata fiye da yadda mu ke zato.

Ƙwaƙwalwa da jini ta ke rayuwa. Idan wata jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, ko ta fashe, sai wannan sashe na ƙwaƙwalwa ya fara mutuwa cikin 'yan mintoci, gaɓoɓin da ya ke mulki kuma su daina aiki. Shi ne shanyewar jiki. A shekarar 2019 mutum wajen miliyan 12 ne ciwon ya kama a duniya, fiye da miliyan 6 kuma suka mutu. Masana sun lissafta cewa cikin mutum huɗu da suka wuce shekara 25, ɗaya zai gamu da shi kafin ƙarshen ransa. A wannan lissafi maza da mata kusan kunnen doki su ke. Amma hanyar da ciwon ke bi da su ba ɗaya ba ce.

A shekarar 2009 waɗansu likitocin ƙasar Suwidin suka tattara binciken ƙasashe da yawa. Suka tarar idan an gwada tsara da tsara, ciwon ya fi kama maza da wajen kashi 33 cikin ɗari, ya kuma fi kama su da wuri: namiji yana wajen shekara 69, mace wajen 73. Taba da giya, waɗanda maza suka fi sha, suna cikin dalilan. Amma sa'ad da ya kama mace ya kan fi tsanani. Cikin wata na fari wajen mace 25 cikin ɗari suka mutu, maza kuwa wajen 20.

Me ya sa haka? Mata sun fi maza tsawon rai, don haka ciwon ya kan same su jiki ya riga ya raunana. Sau da yawa kuma maigidan ya riga ya rasu, 'ya'ya sun watse birane. Mu duba gidajenmu mana. Idan namiji ya kwanta, matarsa ce ke juya shi, ta yi masa wanka, ta ba shi kunu a baki. Idan ita ce ta kwanta fa, wa zai juya ta?

Akwai kuma hatsarin da mata kaɗai ke ɗauka. Hawan jini na lokacin ciki, wanda ke kumbura fuska da ƙafafu har ya kai ga jijjiga, yana iya jawo shanyewar jiki kafin haihuwa ko cikin jego. Ko bayan shekaru, macen da ta taɓa yin sa hatsarinta ya kusa ninki biyu na wadda ba ta yi ba. Waɗansu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma ba su dace da mai hawan jini ko mai shan taba ba, shi ya sa ba a karɓar su sai an auna jini tukuna. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego da ke shan kunun kanwa mai yawa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sai a yi hankali da ita.

A ƙasarmu ciwon ba ya jiran tsufa. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya nuna shekarun masu ciwon a tsakaice 59 ne, hawan jini kuwa shi ne tushen wajen tara cikin goma. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana noma, mace tana daka, ba ciwon kai ba jiri, alhali jijiya tana gab da fashewa.

To, me za mu yi? Na fari, miji da mata su je a auna jininsu tare, ko sau ɗaya a shekara. Idan ya kai 140 bisa 90 ko fiye, a nemi shawarar likita, kada kuma a bar shan magani don an ji sauƙi. Na biyu, a rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali guda. A yawaita ganye, kamar zogale da alayyafo da rama. Na uku, maigida kada ya hana kuɗin awon ciki.

Na huɗu, mu san alamu: baki ya karkace farat ɗaya, hannu ya kāsa ɗaguwa, harshe ya yi nauyi. Ga mata wani lokaci ruɗewa ce da kasala mai tsanani. Kada a ɗura wa mai ciwon ruwa ko jiƙo, gama zai iya shaƙewa. Kada a ce bari gari ya waye. A yi asibiti nan da nan, ana addu'a a hanya, domin maganin da ke narkar da gudan jini sai cikin awa huɗu da rabi na fari ya ke amfani.

Mun san labarin shanyayyen nan cikin Markus sura 2, wanda mutum huɗu suka ɗauko har suka buɗe rufin ɗaki domin su kai shi gaban Yesu. Zumuntar mata ta daɗe tana ɗaukar marasa lafiyarmu. Lokaci ya yi da maza da matasa za su kama nasu gefen tabarmar, su fara da gwauruwar da ke kwance ita kaɗai a unguwarsu. Allah ya ba mu ikon yi, amin.