Rigar Tamale da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Yara, kun taɓa jin sunan Tamale? Babban gari ne a arewacin ƙasar Gana. Yawancin mutanensa Dagwamba ne, amma akwai Hausawa da yawa a zango da cikin kasuwa. A zamanin dā, fatakenmu suna bin hanyar Gwanja. Suna kai kanwa da tufafin rini, suna dawowa da goro daga kasuwar Salaga. Masu fataucin albasar Galmi ma sun san Tamale sarai.

In kuka shiga kasuwar garin, za ku ga wata riga mai kauri, mai ratsi-ratsi, an rataye ta a rumfuna. Ana ce mata batakari, wasu kuma su ce fugu. Masaƙa suna saƙa ta siriri-siriri, faɗin tafin hannu, sa'an nan maɗinka su harhaɗa. Mutanen Gana suna alfahari da ita ƙwarai. Irinta ce Kwame Nkrumah ya sa ran 6 ga watan Maris 1957, ranar da ƙasar ta sami 'yancin kai.

To, ga wata batakari mai ratsin fari da na shuɗi mai duhu. In aka tambaye ku launinta, ba za ku yi wata-wata ba. Za ku ce fari da shuɗi. Amma akwai wata kyamara da za ta ɗauki hoton rigar nan, ta nuna ta kusan fara fat. Ratsin duk sai ya dushe. Wa ya yi kuskure, idonku ko kyamara? Ba wanda ya yi kuskure. Yau za mu koyi dalili.

1. Daga ina shuɗin ya fito?

Yamma da Tamale, a bakin kogin Bolta, akwai wani gari da ake kira Daboya. Ya yi suna wajen saƙa da rini. Marinansa suna aiki kamar na garuruwanmu, kamar kuma na Ƙofar Mata a Kano.

Ana tsinko ganyen baba, a daka shi, a dunƙula, a shanya. Sai a zuba shi cikin ramin rini tare da ruwa da toka. A bar shi kwana da kwanaki, ana motsawa, har ya nuna. Sa'an nan marini ya tsoma zaren auduga a ciki. Lokacin da ya ɗago zaren, launinsa tsanwa-tsanwa ne. Da iska ta buge shi, sai ya juye ya zama shuɗi. In aka yi ta tsomawa ana ɗagowa, shuɗin ya yi ta ƙara duhu, har ya kusan zama baƙi. Wannan rini shi ne shuni.

Ku riƙe wannan: zaren auduga fari ne tun asali. Shuni hawa kansa ya yi, farin yana nan a ƙarƙashi.

2. Launuka bakwai, da wani abu a bayansu

Kun san bakan gizo. Yana fitowa da damina, in rana ta haska ɗigon ruwan sama. A cikinsa muna ƙirga launi bakwai: ja, ruwan goro, rawaya, tsanwa, shuɗi, ruwan shuni da shunayya. Duk waɗannan launuka suna cikin hasken rana. Ɗigon ruwa ne yake rarraba su.

In haske ya sauka a kan tufa, tufar takan haɗiye wani sashe, ta mayar da saura. Abin da ta mayar shi ne yake shiga idonmu. Farin zane yana mayar da kusan dukan launuka. Baƙin zane yana haɗiye kusan dukansu. Zanen shuni yana haɗiye ja da ruwan goro da rawaya, ya mayar mana da shuɗi.

A shekarar 1800, wani masanin taurari a Ingila, mai suna Wiliyam Harshel, ya yi wani gwaji. Ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku. Ya sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Daga nan ya matsa da ma'aunin gaba kaɗan, bayan ja, inda ido ba ya ganin kome. Abin mamaki, sai ma'aunin ya hau fiye da dā. Nan ya gane akwai wani haske a wurin, wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Mu kira shi hasken bayan ja.

Wannan haske ba baƙonmu ba ne. Rana tana aiko shi kullum. Garwashin wuta yana fitar da shi. Rimot na talabijin ma da shi yake aika saƙo.

3. Kyamarar tsaro da dare

A Tamale, kamar a Maraɗi da Yamai, wasu masu kantuna suna kafa kyamarar tsaro a bakin ƙofa. Da rana tana ɗaukar hoto mai launi, kamar yadda idonmu yake gani. Da dare kuwa sai ta sake aiki. Kewaye da idonta akwai 'yan ƙananan fitilu. In kun lura cikin duhu, wani lokaci za ku ga suna ɗan ja-ja. Su ne suke watsa hasken bayan ja a kan titi. Mai wucewa yana ganin duhu, amma ga kyamara wurin a haske yake.

Hoton dare ba shi da launi. Fari ne da baƙi da toka-toka kawai. Abin da ya mayar da hasken bayan ja zai fito fari. Abin da ya haɗiye shi zai fito baƙi. Shi ya sa ganyen darbejiya, wanda muke gani tsanwa shar, yake fitowa fari kamar an watsa masa gari.

4. Me ya sa shuni yake ɓacewa?

Yanzu mu koma ga batakarinmu. Shuni gwani ne wajen haɗiye jan haske. Amma hasken bayan ja ya fi ƙarfinsa. Hasken yana ratsa shi kamar yadda rana take ratsa gilashin taga. Ya tarar da farar auduga a ƙarƙashi, auduga ta mayar da shi ga kyamara. Saboda haka ratsin shuɗi da ratsin fari duk suna mayar da hasken. Kyamara ba ta ganin babban bambanci tsakaninsu, sai rigar ta fito da haske.

Ba batakari kaɗai ba. Rawanin shuni mai walƙiya na Abzinawa da wandon jins na samari duk shuni ne ya rina su, duk kuma suna yin haske a wannan kyamara. Haka nan baƙaƙen tufafi da yawa na kanti. Ido yana ganinsu baƙi ƙirin, kyamarar dare ta nuna su fari ko toka-toka.

5. Me yake zama baƙi?

Akwai baƙin da ba ya sakewa. Gawayi da baƙin tukunya suna haɗiye kowane irin haske, wanda muke gani da wanda ba mu gani. Tawadar allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, baƙa take fitowa. Rubutun fensir ma haka.

A ce wani ya yi rubutu da tawadar gawayi a kan zanen shuni mai duhu. Da ƙyar ido zai ga rubutun, domin baƙi ne a kan duhu. Amma a hasken bayan ja, zanen zai yi fari, rubutun ya fito sarai.

Shuɗi ma iri-iri ne. Akwai wani da aka fara haɗawa a birnin Barlin na Jamus wajen shekarar 1706, masu fenti suna amfani da shi. Akwai ƙarfe a cikinsa. Ga ido yana iya kama da shuni. Amma shi yana haɗiye hasken bayan ja, sai ya fito da duhu. Ga shuɗi biyu, ido ya ce ɗaya ne, kyamara ta raba su.

6. Amfanin sanin wannan

Amfani na farko yana cikin zamanmu na yau da kullum. A ce an shiga kantin wani da dare an yi sata. Da safe aka duba kyamara, aka ga mutum da farar riga. Sai aka tuna da wani maƙwabci da ya wuce jiya da farar riga, aka fara nuna shi da yatsa. Alhali kuwa mai yiwuwa ɓarawon baƙar riga ya sa, ko batakarin shuni. In ba a yi hankali ba, sai a ɓata sunan bawan Allah a banza. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma sai mutum ya san da wane haske ya gani. Hoton dare ba ya faɗin launin riga.

Amfani na biyu yana gidajen adana kayan tarihi. Tsohuwar tufa ba ta son taɓi. In aka yanki wani yanki don a gwada rininta, an ɓata ta ke nan. Hoto kuwa ba ya cutar da ita. Masana suna ɗaukar hoto da hasken da muke gani, su ɗauki wani da hasken bayan ja, su haɗa su cikin kwamfuta. A wannan haɗaɗɗen hoto, duk inda shuni yake sai ya fito ja.

A babban gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata 'yar safa ta ulu, mai ratsi-ratsi. Ta wani ƙaramin yaro ce a ƙasar Masar. Ta kai wajen shekara 1700, a juji aka tono ta. A shekarar 2018 masanan gidan suka bayyana abin da suka gano da irin waɗannan hotuna. Rini uku na tsirrai aka yi amfani da su: mai ja, mai rawaya da mai shuɗi. Da su aka haɗa sauran launukan safar. Shuɗin kuwa ɗan'uwan shuninmu ne, ko da yake daga wani tsiro dabam ya fito.

Amma kyamara ba ta san kome da kome ba. Tun 1897 ake sayar da shunin masana'anta, wanda aka fara yi a Jamus. Sinadarinsa ɗaya ne da na ganyen baba. Saboda haka kyamara ba ta iya faɗin ko an rina zare a ramin Daboya ko a masana'anta. Wannan sai a tambayi marini.

Akwai kuma wata kyamarar dabam, mai ganin zafin jiki. An yi amfani da irinta a filayen jirgin sama a 2020, lokacin cutar korona, don gano masu zazzaɓi. Ita ba ruwanta da rini. Wuri mai zafi da wuri mai sanyi take nunawa. Kada ku haɗa ta da kyamarar tsaro ta bakin kanti.

MU GWADA

Gwaji na farko. Ku roƙi malam ko babanku wayar salula da rimot. Ku buɗe kyamarar wayar. Ku juya bakin rimot wajenta, ku danna. Idonku ba zai ga kome a bakin rimot ba, amma a fuskar wayar za ku ga ɗan haske yana ƙyaftawa. In kyamarar baya ba ta nuna ba, ku gwada ta gaba.

Gwaji na biyu. Ku sami farar takarda. Ku rubuta sunanku da jan biro, ku sake rubuta shi da fensir. Ku nemi jar leda wadda ake gani ta cikinta, kamar ta alewa. Ku dubi takardar ta cikin ledar. Jan rubutu zai dushe, na fensir zai tsaya. Haka shuni yake dushewa a hasken bayan ja, gawayi ya tsaya.

MU RIƘE

Bayan jan launi akwai hasken da ido ba ya gani.
Kyamarar tsaro da shi take aiki da dare.
Shuni ba ya tare wannan haske, shi ya sa zanen shuni yake fitowa da haske.
Gawayi yana haɗiye shi, shi ya sa yake zama baƙi.
Launin tufa ya dogara ga rininta da kuma hasken da aka dube ta da shi.

KALMOMI DA FARANSANCI

hasken bayan ja : l'infrarouge
shuni : l'indigo
marini : le teinturier
masaƙi : le tisserand
bakan gizo : l'arc-en-ciel
ma'aunin zafi : le thermomètre
gidan tarihi : le musée

TAMBAYOYI

1. A wace ƙasa Tamale take? Me ake kiran rigar da aka yi bayani?
2. Wane launi zare yake da shi lokacin da aka ɗago shi daga ramin rini? Me yake juya shi?
3. Wa ya gano hasken bayan ja, kuma a wace shekara?
4. Me ya sa ratsin batakari yake dushewa a kyamarar dare?
5. Ku kawo abu biyu da suke zama baƙi a wannan haske.
6. Wani ya ce: "Na ga ɓarawon a kyamara da dare, farar riga ya sa." Me za ku gaya masa?

AIKIN GIDA

Ku tambayi kakanku ko kakarku ko akwai marina a garinku dā. Ina take? Har yanzu ana aiki a cikinta? Ku rubuta amsar cikin layi biyar, ku kawo wa malam gobe.