Gwandu Da Kalgo: Wane Lokaci Ya Dace Baƙo Ya Zo?

Duk shekarar da Allah ya nufa aka yi bikin kamun kifi na Argungu, jama'a sukan yi tururuwa zuwa Jihar Kebbi daga Ikko da Abuja da Kano, har da ƙasashen ƙetare, kuma galibin waɗanda suka biyo hanyar mota ta Yawuri da Koko da Jega ba makawa sai sun ratsa ta Kalgo kafin su shiga Birnin Kebbi, kamar yadda masu zuwa ta jirgin sama suke sauka a filin jirgi na Ambursa, wanda ba shi da wata tazara mai yawa da tsohon birnin Gwandu. Amma duk da wannan kusanci, da wuya ka sami wanda ya tsayar da motarsa a ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu, in ba don shan mai ko yin salla ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin abin da ake baje wa baƙo a Argungu cikin 'yan kwanaki, wato damman hatsi da buhunan shinkafa da manyan kifaye da kiwatattun dabbobi, tsakure ne kawai daga abin da kasuwannin wannan yanki suke bajewa mako-mako, tun daga kaka har faɗuwar ruwa.

Ba ina rage darajar bikin Argungu ba ne. Asalinsa a sigar da aka san shi yanzu yana komawa ga shekarar 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa, ya zama alamar sulhu bayan daɗaɗɗen yaƙi tsakanin Kabawa da daular Sakkwato. A shekarar 2016 kuma hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada, inda ake gasar, ya ga dubban masunta sun auka ruwa da homa da gora a lokaci guda, ba ya mantawa. Sai dai biki abu ne da ake yi wata shekara, wata shekarar a fasa, har an taɓa yin kusan shekara goma ba a yi ba kafin a farfaɗo da shi a watan Maris na 2020, alhali kuwa kasuwa ba ta taɓa fashi.

Sharaɗin farko ga mai son ya ga wannan ƙasa a kan haƙiƙarta shi ne ya san lokutan shekara, gama kasuwar Kalgo ta watan Agusta da ta watan Disamba, ko da yake rumfunan ɗaya ne kuma mutanen su ne dai, kusan ba su da wata alaƙa. Kalgo tana zaune ne a gefen babbar fadamar Gulbin Rima, wanda ya gangaro daga Sakkwato ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya nufi Bunza, har ya je ya zuba a Kwara, kuma rayuwar garin duka a kan hawa da saukar wannan ruwa take. Da damina gulbi yakan cika ya batse, ya malale fadama, manoma su duƙufa a gona, hatsi ya yi tsada, kasuwa ta yi laushi. Wata shekarar ma, kamar yadda ya auku a 2020, ambaliya takan cinye shinkafar da ake sa ran girba, mutane su shiga halin ƙunci. Baƙon da ya zo a wannan lokaci zai ga shuke-shuke kore shar, amma ba zai ga arzikin ƙasar a tare wuri guda ba.

Idan ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, aka yanke dawa, aka fara sussukar shinkafa, wato daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, a nan ne al'amari yake sauyawa gaba ɗaya. Tun da asuba za ka ga amalanken shanu da jakuna da babura suna fitowa daga ƙauyukan fadama, kowanne an labta masa buhuna, kafin hantsi kuma layin 'yan hatsi ya cika maƙil, ma'auna sun zauna a kan tabarmi da kwanukansu, dillalai suna zagayawa suna soka hannu cikin buhu, su ɗebo shanshera su murza a tafin hannu, su hure ƙaiƙayin, su ciji ƙwaya ɗaya da haƙori don su ji ko ta bushe. Wannan cizon shi ne jarrabawar da ba ta ƙarya: in ƙwayar ta ƙarye ƙas, shinkafa ta sha rana yadda ya kamata, in ta lanƙwashe, akwai sauran danshi, kuma kuɗinta zai ragu nan take. Daga nan sai ciniki. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce, "Albarka, Alhaji." A ƙara wani abu, ya sake cewa albarka, har dillali ya shiga tsakani ya ce, "Malam, ka dubi Allah ka sallama, baƙonmu ne," sa'an nan a ji kalmar "na sallama," wadda daga ita ba a komawa baya, a biya la'ada, a kira 'yan dako.

Yana da kyau baƙo ya lura da matan da ke gefe da ƙwarya da manyan robobi, domin su ne masu turara shinkafa a gida, su shanya ta, su kai inji a cashe, su dawo da ita kasuwa a matsayin shinkafa 'yar gida; wannan sana'a ta daɗe tana riƙe da gidaje masu yawa tun kafin a kafa manyan masana'antun casa irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Tun daga watan Nuwamba na 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, da kuma shekarar 2016 da jihohin Kebbi da Legas suka haɗa gwiwa suka fitar da shinkafar da aka sa wa suna Lake Rice, sunan Kebbi ya bazu a Kudu a matsayin rumbun shinkafa. Amma mutanen fadama sun riga kowace gwamnati sanin wannan amfani, tun zamanin da suke shuka jar shinkafar gargajiya mai biyo ruwa tana tsawo gwargwadon cikar gulbi.

Layin kifi kuwa ba ya bukatar a nuna maka shi, hancinka zai kai ka. Da zarar ruwa ya fara janyewa ya bar tafkuna a fadama, su yakan kankama, sai ka tarar da tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da ƙurungu, wani ɗanye yana motsi a cikin daro, wani an yi bandarsa ya yi baƙi an jera shi cikin kwali don fatake masu kaiwa Kudu. Giwan ruwa, wanda shi ne ake fafutukar kamawa a Matan Fada, ba kullum ake samunsa ba, in kuwa ya shigo kasuwa to yankansa ake yi gunduwa-gunduwa, don ba kowa ke da ƙarfin ɗaukarsa sukutum ba.

Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi, kuma sha'aninta dabam ne da na Kalgo, domin wanda ya nufe ta yana zuwa ne da niyyar ziyara kafin niyyar ciniki. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa tun daga shekarar 1805, a nan suka tsaya suka kare kansu bayan mummunar asarar da suka yi a yaƙin Alwasa, kuma a nan ƙanensa Shehu Abdullahi ya kafa mazaunin yammacin daula, wanda umarninsa ya kai har Nufe da Ilori da Liptako, ya ci gaba da karantarwa da wallafa har Allah ya karɓi ransa a shekarar 1829. Hubbarensa yana nan a garin, masu ziyara suna zuwa daga nesa su yi sallama su yi addu'a. Kuma ko da yake an mayar da fadar Sarkin Gwandu Birnin Kebbi tun farkon zamanin Turawa, har yau duk almajirin da ya buɗe Liya'ut Tawili don karatun tafsiri, ko Liya'ul Hukkami don sanin hukunce-hukuncen mulki, ko Tazyinul Waraƙati don tarihin jihadi, ya san cewa yana shan ruwan rijiyar da malamin Gwandu ya haƙa ne.

Wani baƙo da ya riga mu zuwa ya bar mana shaida mai fa'ida. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, wanda saboda tsananin zuhudu da kaɗaitarsa bai yarda sun gana ba. Amma a wannan zama ne aka ara masa kwafin Tarihus Sudan, littafin Abdurrahman Sa'adi na Tambutu, ya zauna yana kwafar abin da ya iya daga cikinsa, kuma ta wannan hanya ce malaman Turai suka fara sanin tarihin daular Sanwai da sarakunanta. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, mutumin da ya sami irin wannan taska bai manta ya ambaci albasar Gwandu ba, ya yabi girmanta da kyawunta. Yau fiye da shekara 170 ke nan, kuma har yanzu albasa ita ce adon wannan yanki da rani, daga lambunan Gwandu har zuwa Aliero, wadda sunanta ya zama ɗaya da albasa a bakin fataken Nijeriya. Daga tsakiyar ɗari zuwa bazara za ka ga an tsiba ta tuli-tuli a bakin hanya, ja-ja-wur, mata da yara suna yanke ganye suna ware manya da ƙanana, manyan motoci suna jiran lodi. Manomin da ke da hali kuma ba ya sayarwa a lokacin da ta yi araha, sai ya adana ta a rudu, inda iska ke ratsa ta, ya jira damina ta yi tsada, ko da yake ruɓewa takan ci kaso mai yawa kafin lokacin ya zo.

Game da abinci, kada baƙo ya zo yana neman dogayen gidajen cin abinci masu takardar zaɓi. Waɗannan sai Birnin Kebbi, inda masaukan baƙi suke, ko kuma 'yan wuraren da suka buɗe a Kalgo saboda ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin kuma yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Abincin ƙasar na ainihi yana rumfar kasuwa ne da zauren gida. Da safe akwai masa mai zafi daga tanda da kunu da ƙosai. Da rana, sa'ad da zafi ya tsananta, babu abin da ya kai fura da nono, wadda Bafillatana za ta dama maka a gabanka da ludayi cikin ƙwarya, ta tambaye ka ko a sa sukari ko a bar ta da tsaminta. Da dare kuwa tuwon shinkafa ne, sabuwar shinkafa mai ƙamshi wadda ba ta kwana a sito ba, da miyar kuka ko ta sure, an jefa busasshen kifi da daddawa da tarugu. Wanda ya ci tuwon sabuwar shinkafa a watan Disamba ya san cewa akwai bambanci mai girma tsakaninta da wadda ta yi watanni a hanya kafin ta isa tukunya. Bayan la'asar mahauta sukan hura wuta, ƙamshin tsire da balangu ya tashi, masu rake su jingina dammansu a jikin bango. In kuma Allah ya sa baƙo yana da masani a garin, to ya shirya wa akushi fiye da ɗaya, domin maƙwabta ma sukan aiko da nasu, kuma haƙƙin liyafar baƙo har kwana uku, wanda shari'a ta yi umarni da shi, mutanen nan ba a littafi kaɗai suka san shi ba. Ladabi shi ne ya taɓa kowane kwano ko da loma ɗaya ce, ya sa albarka.

Akwai gyara guda da nake ganin ya wajaba a kan hukuma da masarauta da jami'a baki ɗaya. Garin da ya haifar da wallafe-wallafe masu yawa irin na Shehu Abdullahi da zuriyarsa da almajiransa ya cancanci a riƙa shirya masa baje kolin littattafai na shekara-shekara, a lokacin ɗari sa'ad da hanya ke da kyau kuma baƙi ke yawo, inda za a nuna kwafe-kwafen rubutun hannu da gafakarsu, a kawo marubuta su nuna yadda ake dafa tawada da feƙe alƙalami, a sami malamin da zai yi wa mai ziyara bayani da Hausa da Larabci da Turanci. Argungu tana da gidan tarihi na Kanta, inda baƙo ke ganin kayan yaƙi da na sarautar Kabi, kuma ba abin da zai hana a tsara wa mai zuwa can yini guda na musamman a Gwandu, yini guda a kasuwar Kalgo ko ta Jega, wadda tun ƙarni na 19 ta shahara a matsayin matattarar fatake. Masu tuwo da masu fura da direbobi da masaƙa duk za su amfana, kuma littattafan da ke ajiye a gidajen malamai, waɗanda gara da danshi ke yi wa barazana, za su sami masu kula da su.

Mai niyyar zuwa ya kuma duba kalandar Musulunci tare da ta Turawa. In azumi ya faɗo cikin lokacin tafiyarsa, kasuwar abinci ba ta motsi sai dab da magariba, amma zai sami majalisun tafsiri a masallatai. In ya dace da Salla, sai ya kwana Birnin Kebbi ya ga hawan Sarkin Gwandu. Makonnin da ke gabanin Babbar Salla kuma su ne lokacin da turken raguna ke cika. Daga watan Maris zafi yakan yi tsanani ƙwarai, sai dai a lokacin ne mangwaro ke nuna, kuma wajen Afrilu da Mayu ake girbin shinkafar rani wadda aka yi ban-ruwanta da injin, kasuwa ta sake cika karo na biyu kafin hadari ya haɗu, manoma su koma gona.