Mas'alar Sanyin Mata a Ƙasar Kankiya da Kusada

Duk wanda ya saurari koken da mata ke kaiwa Babban Asibitin Kankiya, ko ɗakunan shan magani na ƙauyukan Kusada, zai ji kalma ɗaya tana ta maimaituwa, wato sanyi, domin ƙaiƙayi da farin ruwa da zafin fitsari da ciwon mara duk da wannan suna ake kiransu. Alhali kuwa malaman fikihu ba su gamsu da suna ɗaya ba a babin tsarki, sai da littafin Risala ya rarrabe maniyyi da maziyyi da wadiyyi, kowane da hukuncinsa. Haka likitanci ya rarrabe abin da muka haɗe, kuma a ganina wannan haɗewar ita ce asalin daɗewar cutar.

Akwai kandida, wadda ake ƙiyasin mace uku cikin huɗu za ta gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwarta, ba kuma sharaɗi ba ne sai ta hanyar jima'i, domin juna biyu da ciwon sukari da yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta suna tayar da ita. Akwai wadda sababinta rushewar ƙwayoyin nan masu amfani ne, waɗanda Allah ya sanya suna tsamar da farji don kariya, kuma cikin abubuwan da ke rushe su akwai cusa sabulu da sunan tsafta, da kayan matsin da ake tallatawa a gidajen biki. Abin mamaki, mace mai tsananin tsafta ma takan faɗa wannan rami. Ta uku ita ce tirikomonas, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamu miliyan 156 da ita a shekarar 2020, ita kuwa tsakanin miji da mata take yawo. Har tsargiyar da yarinya ta ɗauko a kududdufi takan bar illar da ake ɗauka sanyi ne.

A nan ne mas'alar ta fi wuya. An saba ɗora laifin a kan masai, saboda masai ba ya jin kunya, ba ya kuma fushi, alhali sau da yawa maigida ne ke ɗauke da ƙwayar ba tare da wata alama ba, ta yadda idan uwargida ta sayi Flagyl a kemis ta sami sauƙi, ranar girkinta na zagayowa sai cutar ta dawo, bayan ta biya ta ɗakin amarya. Uwargida kuma, da yake kunya ta hana ta bayyana wa namijin ma'aikaci halin da take ciki, sai ta koma ga jiƙo da sassaƙe.

Sakamakon sakaci da irin waɗanda ake ɗauka ta jima'i shi ne su haura zuwa mahaifa, su toshe hanyoyin ƙwai, ko su jawo haihuwar bakwaini, sannan a wayi gari dangin miji suna kiran baiwar Allah juya. Bambance tirikomonas da kandida kuwa bai wuce ɗigon ruwa a ƙarƙashin madubin likita ba, aikin da ake koyar da irinsa a Makarantar Fasahar Lafiya ta Kankiya. Abin da ya rage shi ne maigida ya yarda a rubuta takardar magani da sunansa tare da na matansa.