Digirin Digirgir a Ilimin Halayyar Ma'aikata: Sharuɗɗan Shiga da Darussan da Ake Koyarwa

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, garin ya zama matattarar ma'aikatan albashi, kama daga na sakatariyar jiha zuwa na asibitin Rasheed Shekoni, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011. Duk inda ma'aikata suka taru haka, tambayoyi iri ɗaya ne ke tasowa: wa ya cancanci a ɗauka, ta yaya za a auna ƙwazonsa, me ke sa wani ya riƙe aikinsa da amana, wani kuma ya ajiye ya tafi. Akwai fannin ilimi da ya keɓanta da amsa waɗannan tambayoyi ta hanyar bincike, wato reshen ilimin halayyar ɗan Adam da ke nazarin mutum a wurin aiki, kuma matakinsa na ƙoli shi ne digirin digirgir.

Fannin ya samo asali ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da Hugo Münsterberg, Bajamushe mai koyarwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya wallafa littafi a 1913 kan yadda za a daidaita mutum da aikin da ya dace da shi. A 1921 Bruce Moore ya karɓi digirin digirgir da ake lissafa shi a matsayin na farko a fannin, sannan binciken da aka gudanar a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago tsakanin 1924 da 1932 ya jawo hankali ga cewa dangantakar ma'aikaci da abokan aikinsa da shugabanninsa tana tasiri a kan yawan aikin da yake yi. A Nijeriya kuwa, Jami'ar Nsukka ce ta buɗe sashen ilimin halayyar ɗan Adam na farko a 1964, daga baya jami'o'in Legas da Ibadan da Jos suka bi sahu, kuma irin waɗannan tsofaffin sassa ne ɗalibin da ya fito daga Dutse ko Birnin Kudu ko Kiyawa zai fi samun gogaggun malaman da za su duba aikinsa.

Sharuɗɗan samun gurbi suna komawa baya har zuwa sakandare, domin ana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, da digirin farko mai kyakkyawan sakamako, da takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa, sannan digiri na biyu a fannin ko a wanda ke kusa da shi. Makin digiri na biyu shi ne babban ma'auni. A Jami'ar Ibadan, alal misali, wanda ya samu matsakaicin maki 60 cikin 100 ne ke wucewa kai tsaye, wanda ya gaza hakan da kaɗan kuma sai ya bi ta wani matakin share fage. Ana kuma neman cikakkiyar takardar sakamako daga jami'ar da mutum ya baro, da wasiƙun malaman da suka san ƙwazonsa, da taƙaitaccen tsarin binciken da yake son yi. Wannan tsari shi ne ya fi nuna ko mai nema ya shirya, domin sashe ba ya karɓar ɗalibi sai akwai malamin da batun ya faɗo cikin ƙwarewarsa kuma ya yarda ya zama mai duba aikin. A Amurka tsarin ya bambanta, inda ake iya shiga da digirin farko kaɗai, a shafe kimanin shekara 5, a kuma zauna babbar jarrabawar cancanta kafin a fara rubuta kundi.

Abin da ke ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne yawan lissafin da ke cikin karatun, domin ginshiƙansa su ne dabarun bincike, da ƙididdiga mai zurfi da ake yi da manhajojin kwamfuta irin su SPSS da R, da ilimin tsara ma'aunin halayya. A wannan na ƙarshe ake koyon sharuɗɗa biyu da kowace jarrabawar ɗaukar aiki ke buƙata: tabbaci, wato ta ba da sakamako makusanci idan aka maimaita ta, da inganci, wato ta auna ainihin abin da aka ce tana aunawa. A kan wannan tushe ake ɗora darussan tantance ayyukan kowane muƙami, da zaɓen ma'aikata, da horarwa, da auna ƙwazo, da shugabanci, da gamsuwa da aiki, da gajiyar zuciya da ke kama wanda nauyi ya yi masa yawa na tsawon lokaci, tare da ladubban bincike da suka wajabta neman yardar wanda za a yi wa tambaya da ɓoye sirrinsa.

Amfanin waɗannan darussa yana bayyana idan aka dubi fom ɗin APER na auna ƙwazon aiki da ma'aikatan gwamnati suka saba cikawa kowace shekara. Shugaban da ya san ƙarin girman na ƙasa da shi ya rataya a kan makin da zai rubuta, kuma gobe za su haɗu a masallaci ko wurin suna, yakan ba kowa maki mai yawa, ta yadda fom ɗin ba zai bambanta mai himma da mai lalaci ba. Masana fannin sun daɗe da sanin wannan matsala ta sassaucin mai aunawa, kuma suna magance ta da horar da shugabanni da tsara ma'auni bisa ayyukan da ake gani a zahiri. Haka kuma akasarin ma'aunan da ake amfani da su an tsara su ne a Turai da Amurka, saboda haka sai an sake gwada ingancinsu a kan malaman firamare na Jahun ko ma'aikatan jinya masu aikin dare a Birnin Kudu kafin a dogara da sakamakonsu, kuma wannan kaɗai ya isa batun kundin digirgir.

Bayan kammala darussa, ɗalibi yana gabatar da tsarin bincikensa a gaban malaman sashe, ya fita tattara bayanai, ya dawo ya gabatar da abin da ya gano, daga ƙarshe ya kare kundinsa a gaban kwamitin da ya haɗa da masani daga wata jami'a. Mafi ƙarancin lokaci ga mai karatu na cikakken lokaci shi ne shekara 3, kuma sau da yawa yakan zarce haka. Malaman manyan makarantun gwamnati, irin su Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Dutse, suna da damar neman tallafin asusun TETFund ta hannun makarantunsu.

Jihar Jigawa, mai ƙananan hukumomi 27, wadda kuma kaso mai yawa na kuɗinta ke tafiya a albashi, tana da buƙatar masanan da za su iya nuna da hujja yadda za a ɗauki ma'aikaci, a horar da shi, a kuma riƙe shi. Ya kamata matasan da ke da sha'awar fannin su ƙarfafa iliminsu na ƙididdiga tun a digiri na biyu, su zaɓi batun bincike daga ofisoshi da asibitoci da makarantun Jigawa, hukumomi kuma su buɗe musu ƙofa su yi aiki da sakamakon da suka samo.