Makin Jarrabawa: Hisabi Uku da Ya Kamata Iyaye Su Sani

A gidajen Hausawan Hartum da Umdurman, jikokin mahajjatan da suka yada zango a bakin kogin Nilu, ranar fitowar sakamakon Shahadar Sudan rana ce ta fargaba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya hana yin jarrabawar a shekarar, sai a Disamba 2024 ɗaliban suka samu zama. Yaron da ya yi wannan dogon jira ya cancanci mu fahimci makinsa kafin mu yabe shi ko mu zarge shi.

Hisabi na farko shi ne na Sudan. Ana tara makin darussa bakwai, kowanne bisa 100: huɗu na dole, wato Larabci, Turanci, addini da lissafi, sai uku na fannin ɗalibi. Idan jimla ta kai 588, a raba da 7, an sami kashi 84 cikin 100. Da irin wannan adadi ake takarar gurbi a Jami'ar Hartum da Jami'ar Musulunci ta Umdurman.

Na biyu shi ne na darussa masu nauyi daban-daban, kamar yadda ake yi a jarrabawar bak ta Nijar. Mu ɗauka yaro ya ci 12 bisa 20 a lissafi mai nauyi 5, da 16 a Faransanci mai nauyi 2. Uba zai ce tsaka-tsakinsa 14 ne. A'a: 12 sau 5 ya ba da 60, 16 sau 2 ya ba da 32, jimla 92, a raba da jimlar nauyi, wato 7, sakamako 13 da ɗan ɗoriya. Darasi mai nauyi shi ke jan ma'auni.

Na uku shi ne matsayi. Yaro ya ci 60 bisa 100 a lissafi, gida ya yi tsit. Amma cikin ɗalibai 200, guda 150 suna ƙasa da shi. A raba 150 da 200, a ninka sau 100: ya wuce kashi 75 na tsaransa. Takardar ce ta yi tsauri.

Mu da muka koyi rabon gado a gaban malamai mun san cewa ba a yanke kaso sai an san asalin da aka raba. Haƙƙin yaro ne mu tambayi malaminsa nauyin darasi da matsayinsa a aji, sannan mu yi magana. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya zaunar da Sudan lafiya, amin.