Uwargida, Kada Ki Jefar Da Ƙwayar Ƙarin Jini

Uwargida, sau nawa aka ba ki ƙwayoyin ƙarin jini a wajen awo, kika sha kwana biyu, kika tura sauran ƙarƙashin katifa saboda tashin zuciya? Da yawanmu mun ɗauka aikin sinadarin ƙarfe da ke cikinsu ƙara jini ne kawai. Gaskiya ne wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfen jiki yana cikin jini, to amma sauran fa?

Jikinki da na ɗan da ke cikinki an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin ƙwayoyin akwai wasu 'yan injina da ake kira ribosom, su ke ƙera furotin da ake gina tsoka da fata da ƙwaƙwalwa da shi. Ita ƙwayar ce ke harhaɗa injinanta da kanta daga furotin kusan iri 80. Ikon Allah!

A shekarar 2005 masana a Jamus suka gano, ta hanyar bincike kan yis, irin wanda kike kwaɓa fanke da shi, cewa akwai wani furotin mai ɗauke da ƙullin ƙarfe da farar wuta, wanda in babu shi injinan ba sa kammaluwa, ƙwayar kuma ba ta rayuwa. Ɗan Adam ma yana da irinsa. Kin ga ke nan, jaririn da ke ƙara sababbin ƙwayoyi dare da rana, kowace tana neman rabonta na ƙarfe, kuma daga jikinki yake ɗiba.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin kullum. In yana tayar miki da zuciya, ki gaya wa malamar asibiti, kada ki daina da kanki. Baƙin bahaya kuwa ba abin tsoro ba ne.

Ki yawaita nama da kifi da wake da zogale, ki haɗa da lemo ko gwaiba, domin suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa rage tsotsar yake, ki ba shi tazarar awa guda bayan abinci. Ki kuma ɓoye ƙwayoyin nesa da yara, yawansu guba ne gare su.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya mana zuri'a, amin.